Hoton da Ke Cikin Tsohuwar Wayar Yayanku

Zulai, Kabiru, wannan babin naku ne fiye da kowa, domin ku ne kuka riƙe Hajiya Memuna a zuci shekara da shekaru. Na sha jin kuna cewa mutanen Gana sun wulaƙanta yayanku, sun mayar masa da kayan gaisuwa ba dalili. Duk sanda kuka faɗa nakan yi shiru, ku kuma ku ɗauka na yarda ne. To ba haka ba ne. Malamar da ta koya mana rubutu a ajin yaƙi da jahilci takan ce abin da ya fi ƙarfin baki a ba hannu. Ga shi na ba hannu, sai ku yi haƙuri da shi, ba ya sauri.

Kun san lokacin muna Doha, a unguwar Mu'aither, a ɗakin bayan gidan kafil ɗin babanku, wato ubangidansa. Shi yana tuƙa su, ni ina dafa wa tsohuwar gidan abinci, ku kuna Funtuwa wurin Gwaggo. Yayanku ya biyo mu daga baya, ya samu aikin gadi a wani babban kanti, yana kwana a masaukin kamfaninsu, ranar Juma'a ya zo ya ci tuwo. Kun kuma san yadda nake da shi. Ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na dube shi ido da ido ba. In ya durƙusa ya gaishe ni, bango nake amsa wa. In ina son ya ƙara miya, sai in ce da babanku a gaya wa wancan tukunya ba ta ƙare ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tashi na gani, ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba. Matan gidan har dariya suke yi mini, su da ke rungume ƙartin 'ya'yansu a bakin ƙofa.

A wurin aiki ya yi aboki, Isma'ila, Musulmi ɗan Uganda, dogo mai yawan dariya. Shi ya ja shi hutun mako biyu zuwa garinsu. Wai garin a bakin kogin Nilu yake, wai samarin Turawa na tururuwa can da jakunkuna a baya, su hau ruwa da kuɗi kaɗan. Babanku ya ce a bar yaro ya ga duniya. Ni dai raina bai kwanta ba. Me mutum zai je nema a garin da ba shi da dangi, ba Hajji ba, ba fatauci ba? Kwanansa tara da tafiya korona ta rufe duniya, jirage suka tsaya. Mako biyu ya zama wata takwas.

Ya dawo baƙi wuluk, kafaɗunsa sun buɗe, tafin hannunsa ya yi kanta kamar na manomi. In suna hira da babanku ba ka jin komai sai kogi. Yakan zauna yana duba waya yana murmushi shi kaɗai. A lokacin ba a shiga kanti ko asibiti sai an nuna wata alama koriya a waya, ni kuwa 'yar ƙarama gare ni mai madannai. Sai ya sayi sabuwa, ya miƙa wa babanku tsohuwar ya ce a ba Umma. Bai goge hotunan ciki ba. Rannan ina kan layi a kantin kayan miya, ina neman koriyar alamar, yatsana ya zame ya buɗo wani wuri.

Baturiya ce kwance a kan yashi, abin da ke jikinta bai fi tafin hannu biyu ba, gashinta a jiƙe. Yayanku a durƙushe a kanta ba riga, hannu ɗaya a goshinta, ɗaya a haɓarta, bakinsa a kan bakinta. A ƙasa an yi dogon rubutu da Turanci, an jera jajayen zukata guda uku. Turanci ban iya ba, amma zuciya kowa ya san ta. Na fita daga layin ban sayi komai ba.

Za ku ce me ya hana ni tambaya. Wa zan tambaya? Babanku na fama da hawan jini, kuma ba hoton da mace za ta nuna wa uban yaro ba ne. In na kai wa wani ya karanta mini rubutun, na tona asirin ɗana da hannuna. Shi kuwa mai hoton, ni da ko ruwa ban taɓa cewa ya miƙo mini ba, da wannan zan fara? Sai na haɗiye. Amma abin da aka haɗiye ba ya zama wuri ɗaya. In ya zo ranar Juma'a nakan saurari alwalarsa daga kicin, in ji ko ya cika ta. In ya rataye riga ya shiga wanka, in shinshina ta ko zan ji warin giya. Ban taɓa jin komai ba sai zufa da turaren da babanku ke ba shi. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce lallai yaron nan ya iya ɓoyo.

Ana haka ya ga Rukayya. Tana aiki a wani shagon gyaran gashi a unguwar Bin Mahmud tare da gwaggonta Hajiya Memuna, mutanen Zangon Kumasi ne. Yarinya mai natsuwa. Takan aiko mini da shinkafa da wake irin tasu mai ja, da baƙin yajin nan nasu a 'yar kwalba. Babanku da abokansa biyu suka kai kayan gaisuwa aka karɓa. Na ce to, Allah ya shirye shi, abin da ya wuce ya wuce. Sau biyu na ɗora yatsa zan goge hoton, ban dai goge ba.

Sai gasar ƙwallon duniya ta zo. Doha ta cika ta batse, ko'ina tutoci da mutane masu fenti a fuska, babanku ba ya sauka daga mota saboda baƙin kafil. Wata Juma'a bayan la'asar yayanku ya yi sallama da baƙi uku, maza biyu da mace ɗaya, kowanne da jaka a baya ta fi shi tsawo. Kafin ta cire tabarau na gane ta. Ta saki jakar a ƙasa ta nufo ni, ta kama hannuwana biyu ta fashe da kuka. Tana magana, tana dafa ƙirjinta, tana nuna shi, ta sake dafa ƙirjinta. Babanku ba ya nan, ba wanda zai tsaya a tsakani. Yayanku ya matso, kansa a ƙasa.

"Umma, cewa take yi..."

Na zare hannuwana, na ce da bango abinci na kan wuta, na shige kicin na turo ƙofa. Ina jin su a tsakar gida suna magana ƙasa-ƙasa, har suka tafi. A raina na ce wadda ta ƙetaro duniya ta zo tana kuka gaban uwar namiji, ai ba ƙwallo ta zo kallo ba.

Kwana uku ban runtsa da kyau ba. Abin da ke cina shi ne Rukayya, marainiya, 'yar mutane. Na ce in na yi shiru aka ɗaura, bayan shekara ya bar ta ya bi waccan, Allah zai tambaye ni. Ranar Talata na ce wa tsohuwar gidan zan je asibiti, na hau bas na shiga jirgin ƙasa har Bin Mahmud. Hajiya Memuna ta ja ni ɗan ɗakin baya inda suke ajiye tawul, ta ba ni kujera ita ta zauna a kan bokiti. Na gaya mata akwai wata mace, Baturiya, na gani da idona, kuma har gida ta biyo shi. Na ce in 'yata ce, ba zan ba shi ba yanzu. Ta daɗe tana kallona.

"Maman yaro, uwa ba ta faɗin wannan a kan ɗanta sai ta tabbata. Kin tambaye shi?"

"Na tabbata."

"Ina hoton?"

Na ce na baro shi a gida. Yana cikin jakata, a kan cinyata. Kunya ce ta hana ni nuna tsiraicin ɗana. Hajiya Memuna kuwa ta yi boko a Kumasi, Turanci a bakinta kamar ruwa. Da na miƙa mata wayar nan, da ta karanta mini abin da ke ƙasan hoton a cikin minti ɗaya, da ba ku da wannan babin. Na roƙe ta kada sunana ya fito. Ta ce ba zai fito ba, kuma bai fito ba, ko da kuka kira ta a waya kuka gaya mata maganganun da na ji labari.

Bayan mako guda aka dawo da kaya, aka ce dangi a Kumasi ba su amince ba. Yayanku ya zo ranar Juma'a, ya ce wa babanku Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ci loma uku ya wanke hannu. Da kwantiraginsa ya ƙare bai sabunta ba, ya koma bakin kogi, wai Isma'ila ya samo masa aiki. Rukayya ta auri wani direba ɗan Tamale. Ni kuwa na ce kun gani ko, ga shi ya tafi wurinta.

Da hutunmu ya zo, ya aiko mana da tikiti da takardu, ya ce mu biyo ta wurinsa kafin mu wuce gida. Babanku ya zaci zan ƙi, ya yi mamakin saurin da na haɗa kaya. Bai san abin da zan je nema ba. So nake in ga matar nan a ɗakinsa da idona, zuciyata ta huta cewa daidai na yi.

Garin kore ne shar, ƙasarsa ja, ruwan sama ba ya sallama. Ko'ina ka duba ga su nan, 'ya'yan Turawa da na wasu ƙasashen, da gajeren wando da silifas, fatarsu ta ƙone ta yi ja. An ce iyayensu masu hali ne, amma sai ka ga mutum uku sun tsaya suna ciniki da ɗan acaɓa a kan abin da bai kai kuɗin ashana ba, sannan su haye babur ɗaya. Abincinsu wainar ƙwai ce naɗe cikin gurasa, a tsaye a bakin titi. Masaukin da yayanku ke aiki, ɗaki ɗaya gado mai hawa biyu har shida, maza da mata a haɗe, an shanya kamfai a taga. Na ga wani wuri da ake ɗaure wa mutum igiya a ƙafa ya faɗo daga sama kansa a ƙasa, kuma wai shi ne ke biya. Na ce da babanku wannan talaucin ganin dama ne, kuma duk wanda ya bar gadon gidansu ya zo ya kwanta a nan, akwai abin da yake gudu ko abin da yake nema. Ya yi dariya, ya nuna mini ruwan ya ce ko na san shi ne wanda uwar Annabi Musa ta saka jaririnta a ciki. Na ce ita an umarce ta ne, ni ba wanda ya yi shawara da ni.

Yayanku ya bar mana ɗakinsa, ya koma wurin Isma'ila. Suna fita masallaci na tashi na bincike shi kaf. Na ɗaga katifa, na buɗe akwati, na duba bayan ƙofa, na shinshina matashi. Darduma, buta, Alƙur'anin da kakarsa ta ba shi, igiyoyi, usur, hular kwano. Ko tsinken gashi ban samu ba. A can ƙasan akwatin akwai 'yar kwalbar yaji wadda ba komai a ciki, an wanke ta tas. Na san kwalbar. Na mayar da ita, na ce wa kaina ai ya san za mu zo, ya kawar da komai.

Da safe suka kai mu rumfar da ake tara baƙi kafin a shiga ruwa, wai mu ga aikinsa. An jera rigunan da ke hana nutsewa, an jingine filafilai. Ina neman inda zan zauna nesa da masu gajeren wando, na ɗaga kai, sai ga hoton a bango. An wanke shi babba an sa a gilashi. Amma wannan bai tsaya inda na waya ya tsaya ba. Ga kwale-kwalen roba a kife a gefe, ga mutane sun kewaye su, wata ta ɗora hannu a ka, ga Isma'ila a guje da wani akwati mai jan tambari. Leɓen matar kuwa shuɗi ne. A ƙaramar waya ban taɓa lura ba.

Isma'ila ya ga inda nake kallo. Ya zo yana ba babanku labari da guntun Larabcin da suka koya a Doha, babanku yana juya mini. Lokacin kulle, baƙi kaɗan ne suka maƙale a masaukin, ba aiki, sai suka riƙa shiga ruwa don rage zaman banza, a nan yayanku ya koyi tuƙi. Ranar nan kwale-kwale ya kife, ruwa ya danne matar a ƙarƙashin dutse. Da aka fito da ita ba numfashi, kowa ya ce khalas, ta riga ta tafi. Yayanku ne ya tuna abin da aka koya musu a aikin gadi, ya yi ta danna mata ƙirji yana hura mata iska a baki har ta yi tari ta amayar da ruwa. Ita ta aiko da hoton daga ƙasarsu, inda take da miji da 'ya ɗaya. Da ta zo kallon ƙwallo ta ce ba za ta koma ba sai ta ga matar da ta haifi wannan mutum.

Ina zaune a wurin yayanku ya jawo wata 'yar tsana ta roba, girman mutum, ya shimfiɗa ta gaban baƙi. Ya durƙusa, hannu ɗaya a goshi, ɗaya a haɓa, ya sa baki. Na ja babanku waje na gaya masa komai, tun daga layin kantin kayan miya har ɗakin tawul. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire hula ya mayar.

"Ba ni za ki gaya wa ba. Wannan karon ba zan kai saƙo ba."

Motar da ke kai wa baƙi abincin rana ta ɗauke mu zuwa wani tudu, inda ruwa ke tafasa fari fat a kan duwatsu, ƙararsa kamar jirgi zai tashi. Aikin yayanku shi ne ya riga kowa sauka a wani ɗan kwale-kwale na mutum ɗaya, kamar ɓawon gyaɗa, ya jira a ƙasa ya tsamo duk wanda ya faɗa. Na hango shi ya taho, hular kwanonsa ruwan ɗorawa. Ruwan ya ɗaga shi, ya juya shi, sai ga bayan kwale-kwalen a sama, ba shi. Ban san na miƙe ba. Ban san mayafina ya faɗi ba. Sai dai na ji wata murya ta fita daga bakina da sunan da aka raɗa masa ranar suna, har sau biyu, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Kafin in rufe baki ya murɗa filafili ya juyo sama, yana karkaɗe ruwa daga fuska. Direban motar ya ce kullum haka yake yi, wani lokacin ma da gangan. Babanku ya ɗauko mini mayafin, bai dube ni ba.

Bayan la'asar na same shi a gindin wata bishiya a bayan rumfar yana naɗe igiya. Na zauna a kan benci, ba bango a wurin, sai kogi. Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har shinshina rigar da binciken akwatin. Hannunsa bai daina naɗin igiyar ba, sai dai ya rage sauri. Da na gama ya tambaya ko Rukayya ta san dalili. Na ce gwaggonta ce kaɗai. Ya ce to a bar ta haka, tana ɗakin mijinta.

"Umma, da kin tambaye ni."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kika kira ni ɗazu."

"Ka ji?"

"Ina ƙarƙashin ruwa, ina zan ji. Direba ne ya gaya wa Isma'ila." Ya ɗan yi murmushi, idonsa a kan igiyar. "Shekara talatin da ɗaya ina jira, sai aka kira ba na nan."

Na ɗaga kai na dube shi. Ashe yana da tabo a gira ta hagu, ban san yaushe ya samu ba, ko a kogin ne ko tun yana yaro a gidan kakarsa. Na kira shi a hankali, yadda ake kiran wanda ke kusa. Ya ajiye igiyar.

"Na'am, Umma."

Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Amma yafiya ba ta kwance auren wani. Har yau da nake wannan rubutu bai sake kai kaya gidan kowa ba, kuma in kun matsa masa yakan ce ruwa bai ba shi lokaci ba. Kwalbar yajin ban sani ba ko tana nan, ban sake buɗe masa akwati ba. Hajiya Memuna ta koma Kumasi, ƙafa ta hana ta aiki, lambarta na cikin tsohuwar wayar nan a ƙasan adakata. Ni na kira ta tun daga bakin kogin, abin da ta ce kawai shi ne, ai na tambaye ki hoton. Saura ku. Ku kira ta ku biyu, ku gaishe ta da kyau, ku ce Umma ta gaya muku ko asirin wa Hajiya ta rufa da nata mutuncin.